Aron Kyanwa a Shekarar Ɓera

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, ruwa ya ɗan taɓa ƙasa, aka samu abin da aka samu, sai kuma ɓeraye suka zo karɓar rabonsu. Ba wanda ya san inda suka ɓuya lokacin da mutane ke tonon gidan tururuwa neman tsaba. Amma da gero ya shigo gida, sai ga su kamar an yi musu shela. A Gidan Marke, wani ɗan ƙauye arewa da Bici, inda gonar wannan ke ƙarewa a bakin dangar wancan, ɓera ya daina jin kunyar rana. Mace na tsaye tana daka zai bi ta kan ƙafarta ya wuce abinsa.

Kaltume, wata matar aure a ƙauyen, ta kasa zama wuri ɗaya. Za ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta ɗauki tulu, kafin ta kai ƙofa ta tuna ta riga ta ɗebo ruwan. Duk inda ta nufa a tsakar gida, ƙafarta sai ta kai ta gindin rumbu.

Abincin gidan ya ƙare tun kafin bazara ta kankama. Jar dawar taimako ake ci, wadda ake rabawa a Bici, ita kuwa kowa ya gwada ya gani, ta ciki ce ba ta gona ba, in an shuka ta sai ta yi kara ta ƙi yin kai. Abin da ya rage a rumbun shi ne iri, 'yan dammunan gero da aka zaɓa zangarniya-zangarniya. Geron gidan ne tun kakanni, mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya ɗauke da wuri yakan bar wa mutum wani abu. Mijinta Balarabe ya tafi cin rani birni, kuma ya faɗa mata ƙarara kafin ya tafi: in iri ya kai damina zai dawo ya yi noma, in bai kai ba zai aiko a kwaso ta da yara zuwa unguwar Bacirawa a can birnin, su kama ɗakin haya. Kaltume ta taɓa zuwa Bacirawa. Ta ga ɗakin ƙanwarta, ta ga inda ake sayen ruwa, ake sayen itace, ake sayen har ganyen miya. Ba ta son komawa ko da ziyara.

Rumbun kuwa a hannun Ɗan Iya yake, yayan Balarabe, mai gidan. Mace ba ta leƙa rumbu. An ce in ta leƙa albarka ke gudu. Ba a taɓa samun wanda ya ga albarkar tana gudun ba, kuma mai lura zai ga dokar ta fi yi wa maza amfani a shekarar da abin cikin rumbun bai taka kara ya karya ba. Amma an daɗe ana faɗa, har ta zauna.

To, tunda an hana ta leƙawa ta sama, sai ta riƙa karantawa ta ƙasa. Rumbun a kan duwatsu yake zaune, kuma tsakanin duwatsun ƙaiƙayi ke zubowa, gauraye da kashin ɓera. Ta share da safe, kafin azahar wani ya taru.

"Yaya Hure, zo ki gani," ta ce da matar Ɗan Iya.

"Na gani jiya, na gani shekaranjiya. Ke dai ki zauna, kina sa ni jiri."

"A fito da shi a sussuke a zuba a tukunya mana."

"Kin manta waken da kika rufe a tukunya? Murfin laka suka huda suka shiga. Kuma wa zai bari a sussuke iri kafin ranar shuka? Je ki faɗa masa da kanki, ni na gaji da shan tsawa."

Ta je. Ta durƙusa nesa kaɗan da tabarmarsa a zaure, ta gaishe shi, ta kawo maganar a hankali kamar mai ɗauke da nono a faifai. Ɗan Iya ba mugun mutum ba ne. Mutum ne dai da yake ganin duk abin da kakansa bai yi ba, ba a yinsa. Ya ce ya toshe ramukan da laka, ya kuma rataya laya a ciki, me kuma ake so ya yi?

"Ko za a aro kyanwa, Yaya?"

Ya yarda, don wannan kakansa ya taɓa yi.

Matsalar ita ce kyanwoyin ƙauyen sun ƙare. Lokacin yunwa an kore su, wasu sun bi daji, wasu ba a tambayar inda suka shiga. Guda ɗaya ta rage, a gidan Shago, can ƙetaren gonaki. Mutanen gidan 'yan asalin wurin ne tun kafin a gina masallacin ƙauyen, yanzu kuma suna zuwa coci. Da su ake gayya, da su ake zaman makoki.

"Ki ce muzuru nake so," in ji Ɗan Iya. "Namiji ya fi ƙarfi."

Naomi matar Shago, dattijuwa mai bakin magana, ta yi dariya har da riƙe ciki da ta ji saƙon.

"Muzuru! Ki ce masa muzurun ya tafi cin rani shi ma. Dube ta nan. Fari, baƙi da ja a jiki ɗaya. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin mai launi uku ya zama namiji ba. In kin ga uku, mace ce, ba sai kin ɗaga wutsiya ba."

Shago na gefe yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ce, "Ku ne kuke cewa tana da tsarki, ko ta sha ruwan alwala ba komai. Amma da yunwa ta zo ku kuka fara korar su."

"Baba Shago, ai ba ni na kora ba."

"Na sani, 'yar nan. Tsokanar ki nake."

Naomi ta sa kyanwar a kwando ta rufe da tsohon zane. "Ki ba ta wani abu ta lasa in kun isa. Fara, ko ɗan nonon akuya. Kada ki wahalar da kanki da tuwo, ba cimarta ba ne. Abu mai zaƙi ma kada ki ɓata, na taɓa ɗiga mata zuma ta shinshina ta wuce kamar na ba ta ƙasa."

Amma Ɗan Iya ya hana. Ya ce kowa ya san in kyanwa ta ƙoshi barci take yi, yunwa ce ke sa ta farauta. Mutane ma ba su ƙoshi ba, sai dabba? Aka sake ta a gindin rumbu. Ta shige tsakanin duwatsu ta lafe, kunnuwa a kwance, idanu kamar za su faɗo. Ɓera ya gifta ta gabanta, ko kallonsa ba ta yi ba. Kafin la'asar an neme ta an rasa. Kaltume ta bi gonaki da sauri, ta same ta a kan turmin Naomi tana lasar hannu.

Aka sake ɗauko ta. Wannan karon Ɗan Iya ya ɗaure ta da igiya a jikin dutsen rumbu. Ta juya musu baya ta zauna. Ɓerayen, kamar sun auna tsawon igiyar, suka riƙa wucewa ta inda ba ta kaiwa. Da gari ya waye sai guntun igiya aka tarar.

Kaltume ta koma gidan Naomi, amma ba ta nemi kwando ba. Ta tsaya jikin danga tana kallo, tana sauya ƙafa. Ta ga Naomi ta watsa wa kyanwar 'yan fara, ta cinye. Ta ga ta tashi ta yi miƙa, ta bi duwatsun rumbun gidan ɗaya bayan ɗaya tana goga musu kumatu, ta goga wa turmi, ta goga wa dirkar rumfa, ta goga wa ƙafar Naomi. A gidansu Kaltume ko sau ɗaya ba ta goga wa komai kumatu ba. Sannan, da cikinta a cike, ta je bakin wani rami ta tsuguna, ta zama kamar dutse. Can sai tsalle ɗaya. Ta kawo ɓeran gaban Naomi ta ajiye, ta yi 'yar kuka, ta koma bakin ramin.

"Ba ta ma ci ba," in ji Kaltume.

"Wani ta ci, wani ta kawo mini, wai ni ce ban iya farauta ba. Ke kina ganin don yunwa take yi? Ko ta ƙoshi in abu ya motsa sai ta kama. Yunwa dai nisa take sa ta yi, ta tafi neman inda za a ba ta."

Kaltume ta juya maganar a ranta har gida. Ba ta da bakin da za ta faɗa wa yayan mijinta cewa abin da kowa ya sani ba haka yake ba. Ta gaya wa Hure, Hure ta gaya masa a nata salon, shi kuma ya ji abin da yake so ya ji: kyanwar yawo ne ya yi mata yawa.

"Akwai maganinta," ya ce. "A sake ɗauko ta."

Da Kaltume ta san maganin da ba ta ɗauko ba. Tana sauke kwandon ta ga aska a hannunsa. Ya ce haka kakansu ke yi, in an yanke wa kyanwa gashin baki ba ta ƙara barin gida. Ya danne ta da gwiwa, ya share gashin gefen dama tas. Kafin ya juya ta, ta tsaga masa bayan hannu ta fice. Ta nufi 'yar kafar danga da ta saba bi, ta sa kai, ta ja da baya, ta sake sawa, ta tsaya tana juya kai kamar baƙuwa. Daga ƙarshe ta haura ta sama, ta faɗa wancan gefen.

Kakan nasu bai yi ƙarya ba, ta wata fuskar. Kyanwar da aka yi wa haka takan rage yawo, kamar yadda mutum zai rage yawo in an ɗaure masa ido ɗaya. Abin da ba a tambaya ba shi ne ko za ta iya aikin da aka ajiye ta dominsa.

Naomi ba ta yi dariya ba ranar. Ta ɗauki fara guda ta ajiye dab da haɓar kyanwar. Kyanwar ta shinshina, ta lalubi hagu, ta lalubi dama, ta taka farar da hannu ba ta sani ba.

"Kin gani? Abin da ke nesa tana ganinsa fiye da ni da ke. Amma wanda ke ƙarƙashin hancinta ba ta gani, da gashin nan take taɓa shi. Da shi take sanin inda wuyan ɓera yake in ta kama, da shi take sanin ko rami zai ɗauke ta. Na ba ku aro da ido biyu, kun dawo mini da ita da ɗaya da rabi. Kuma ciki gare ta, shi mai gidan naku ya ɗauka ƙiba ce."

"Inna, ki yi haƙuri. Wallahi ban..."

"Na san ba ke ba ce. Amma ba ta ƙara taka gidanku. Ki gaya masa in yana son mai kama ɓera ya tsuguna da kansa."

Kwanakin da suka biyo baya Kaltume ta rame. Zafin bazara ya sauko, ƙaiƙayi na ƙaruwa a gindin rumbu, har ta daina sharewa don kada ta riƙa gani, sannan ta kasa jurewa ta koma sharewa. Tana cikin tankaɗen garin dawa wata rana, hannunta ya tsaya cak. Sau uku ana kai kyanwa wurin iri tana gudowa. Shi irin ai ba shi da ƙafa.

Ranar rabon dawa maza suka tafi Bici tun da hantsi. Kaltume ta jawo tsani ta jingina da rumbu.

"Ke! Me za ki yi?" in ji Hure.

"Riƙe mini."

"La'ilaha illallahu. Ni ban gani ba. Ban ji ba, ban gani ba." Ta zo ta riƙe tsanin da hannu biyu, ta kau da kai tana kallon kukar bayan gida.

Kaltume ta ture jinkar, ta ɗaga murfin, wari ya buge ta. Ta zura ƙafa ta sauka. Albarka dai ba ta ga fitarta ba, amma ɓeraye sun fita, har ɗaya ya bi ta kafaɗarta. Layar na nan a rataye, sun cinye fatar da aka ɗinke ta da ita. Fiye da rabin zangarniyoyin sun zama sanduna. Ta durƙusa a cikin zafin nan tana zaɓa, tana shafa kowace da yatsa, mai ƙwaya ta sa a buhu, wadda aka cinye ta mayar. Abin da ta samu bai cika buhun ba. Ta fito jiƙe da gumi, ta mayar da murfi da jinka, ta ɗora ganyen tafasa busasshe a bakin buhun don kada a gane abin da ke ciki, ta ɗauka a ka.

"In ya tambaye ni fa?" in ji Hure, har yanzu tana kallon kuka.

"Ai ba ki gani ba."

Naomi ta dubi buhun, ta dubi Kaltume. "Wato kun nakasa ta, yanzu kuma kun kawo mata aiki har gida."

"Inna, in wannan ya tafi, Bacirawa za a kai ni."

Naomi ta yi tsaki, amma ta tashi. A gidansu kowace mace da nata ɗan rumbun, kuma ba wanda ya taɓa cewa albarka ta gudu. Ta buɗe nata ta jera zangarniyoyin gefe guda. Ta nuna ƙasa da haɓa. A tsakanin duwatsun, cikin inuwa, kyanwar na kwance da 'ya'ya, idonsu ko buɗewa bai yi ba.

"Mai shayarwa ba ta barin ɓera ya zaga kusa da 'ya'yanta, ko da rabin gashin baki. Warinta ma kaɗai yana rage musu ƙarfin hali. Amma abincinta a wuyanki yake. Ni ba zan ciyar da mai gadin gidan Ɗan Iya ba."

Haka Kaltume ta shiga bin fadama da sassafe tana kamun fara, abin da yara ke jira a soya musu, tana raba shi biyu. Ɗan nonon da akuyarta ke bayarwa ma ta riƙa rage wani abu a kasko. Kullum tana hanya. In ta isa sai ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin rumbu, ta ƙirga 'ya'yan, ta taɓa su, ta leƙa ko akwai ƙaiƙayi, ta tafi, ta dawo da yamma ta sake leƙawa.

Wata safiya ta leƙa ta ga wayam. Ta ƙwala kira. Naomi ta fito ta nuna mata turken awaki, can ƙarshen gida. Kyanwar ta kwashe 'ya'yanta ɗaya-ɗaya a baki ta mayar can.

"Ke kika kore ta. Kullum hannu, kullum ido. Uwa ce, in ta ga an san maɓoyarta da yawa sai ta sauya. In kina son ta dawo, ki ajiye farar ki koma can ki zauna. Ki zauna, na ce, ba ki tsaya ba."

Ba a taɓa ba Kaltume aiki mai wuyar wannan ba. Ta zauna a kan turmi, hannuwa a cinya. Ta kalli gabas, ba hadari. Ta kalli rumbu. Ta ji kamar ana yi mata tafiyar tururuwa a baya. Kwana da kwanaki tana wannan zaman, ba ta leƙa ba, ba ta taɓa ba. Daga nesa take ganin kyanwar ta zo ta ci, ta goga kumatu a duwatsu, ta tsuguna bakin rami da kai a karkace, tana juya gefen mai gashi wajen ramin. Takan kuskure, ɓera ya kuɓuce mata. Takan kuma kama. A hankali gefen da aka aske ya fara fitar da 'yan tsinake farare, Kaltume ta riƙa auna bazara da tsawonsu. Rannan ta iso ta ji 'yan koke-koke daga sama. Kyanwar ta mayar da 'ya'yanta cikin jinkar rumbun, a kan irin kansa.

Ruwan farko ya sauka da la'asar, mai ƙarfi, har ya kwanta a kwari. Da safe Ɗan Iya ya sa tsani ya hau rumbunsa, ya buɗe, ya daɗe yana kallon ciki. Ya zura hannu ya ɗago zangarniya ɗaya, ya ɗago wata. Ya sauko a hankali kamar tsoho, ya zauna a kan dutsen rumbun, bai kira kowa ba. Daga maƙwabta ana jin ƙarar sungumi da hayaniyar masu fita shuka.

Kaltume ta fita da gudu-gudu, ta dawo da buhu a ka, ƙafafunta duk laka. Ta sauke a gabansa ta durƙusa.

Ya buɗe. Ya murza zangarniya a tafin hannu, ya hure, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna. Geron gidansu ne, ba mai gaya masa.

"Wa ya shiga rumbun nan?"

"Ni ce, Yaya."

"Wa ya riƙe miki tsani?"

Hure na bakin madafa, ta ce, "Ni dai kuka nake kallo."

Ya dubi tabon da ke bayan hannunsa. Kaltume ta jira tsawa, ta jira a ce ta tattara ta tafi gidansu. Ya mayar da zangarniyar cikin buhu.

"A sussuke shi yanzu," ya ce. "Ƙasa ba za ta jira mu ba. A kuma aika wa Balarabe."

Irin bai kai gona mai nisa ba, ta bayan gida kaɗai ya rufe, ita ma da tazara. Ɗan Iya bai ƙara ta da maganar rumbu ba, bai kuma ce an kyauta ba. Da Kaltume ta roƙi Naomi ɗiyar kyanwa guda, wadda za ta tashi a gidansu ta san shi nata ne, Naomi ta ce ba za ta danƙa wa mace ba, mai askar ya zo da kansa.

Sai da gero ya fito ya yi kunne sannan aka gan shi ya bi ta gefen gonaki, shi kaɗai, da ƙunshin kan busasshen kifi a aljihu, yana tafe yana waiwaye. Ya dawo hannu wofi. Naomi ta karɓi kifin, ta ce ba a yaye su ba tukuna, ya sake dawowa.

Kaltume na tsugune a kunya tana cire ciyawa lokacin da ya wuce. Ba ta ɗaga kai ba. Da ya shige gida ta miƙe, ta dubi hanyar da motar birni ke sauke mutane, ta dubi gabas, ta koma ta tsuguna.